Ƙurajen Zafi: Sanyaya Fata Ya Fi Shafe-shafe

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ƙurajen zafi kan addabi gidaje. Suna fesowa ne idan ƙofofin gumi suka toshe, zufa ta maƙale a ƙarƙashin fata. Sai ƙananan ƙuraje su fito a wuya, ƙirji, gadon baya da hammata, da ƙaiƙayi mai tsikari kamar allura.

Jarirai sun fi shan wahala, musamman wanda ya wuni a goye, ƙirjinsa manne da bayan uwa, ga hular ulu a ka.

Maganin ba tsada. A riƙa sauke goyo yana shan iska, a yi masa wanka da ruwa mai ɗan sanyi, a tsane fata ba gogewa. Kayan auduga sakakku sun fi na leda. Man kalamin yana kwantar da ƙaiƙayi, amma basilin da sauran mai masu kauri ƙara toshe ƙofofin suke yi. A yanke farce saboda susa.

Yawanci ƙurajen kan baje cikin 'yan kwanaki. Idan suka ɗuri ruwa, a garzaya asibiti; haka ma idan suka zo tare da zazzaɓi, tari da jan ido, don ciwon yana iya zama ƙyanda.