Bindigar da mahaifinmu ya bari tana cijewa

Kawu, Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi soja lokacin yaƙin basasa. Muna gyaran rufin ɗakinsa sai muka ci karo da doguwar bindiga naɗe cikin tsumma, da harsasai a gwangwanin madara, duk sun yi kore. Wani tsohon soja ya ce bindigar soja ce, SLR. Ka san halin da muke ciki: an kore mana shanun noma, kuma sai mun biya 'yan bindiga kafin mu girbe geronmu. Na kai ta daji na gwada. Ta tashi sau ɗaya, kwanson ya maƙale, ba ta ɗauko na biyu ba. Wani harsashin ma sai da ya ɗan jima bayan na ja kunama sannan ya tashi. Maƙerin garinmu ya ce zai iya gyara ta. In kai masa?

Ɗanka, daga ƙasar Gobir

Ɗana, Allah ya jiƙan Baba, ya kawo muku sauƙi. Wanda ya tuna mutane fiye da 70 da aka kashe a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020, da matafiyan da aka ƙona cikin mota a Disambar 2021, da yadda Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannun masu garkuwa a Agustan 2024, ba zai ga laifinka don ka yi tunanin kare gidanku ba. Duk da haka kada ka kai wa maƙeri, ni ma ba zan koya maka gyaranta ba.

Harsashin nan da ya yi jinkiri shi ya fi tayar mini da hankali. An gama yaƙin basasa tun Janairun 1970. In tun lokacin harsasan suke, sun haura shekara 50 suna shan zafin bazara da laimar damina, albarushinsu ya lalace. Wani zai yi jinkiri, ya tashi daidai lokacin da ka juyo da ita kana dubawa. Wani zai tashi ba ƙarfi, kan harsashin ya tsaya a tsakiyar bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe, ƙarfen ya tarwatse a fuskarka. Tsatsar da ke cikin bututun kuwa ido ba ya ganin zurfinta. Maƙerinku gwani ne a garma da bindigar toka, amma ƙarfin da ke cikin harsashin soja ya ninka na toka nesa ba kusa ba. Ka gode wa Allah da ka dawo daga dajin nan da idanunka biyu.

Sai maganar doka. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja cikin haramtattun makamai, waɗanda lasisinsu ke hannun Shugaban Ƙasa kaɗai, kuma hukuncin riƙe ta ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Gado ba ya halatta ta. Mai gyara ta ba izini shi ma ya shiga laifi, ka ga za ka ja wa bawan Allah. A yankinku kuma, jami'in da ya gan ka da ita a daji ba lallai ya tsaya jin tarihin Baba ba. 'Yan bindiga su ma in ƙishin-ƙishin ya kai musu cewa akwai ta a gidanku, gidanku za su fara nufa.

Daga yau kada ka sake ɗura mata harsashi, kada ka leƙa bakinta, kada ka doke ta da wani ƙarfe. Ka kulle ta inda yara ba sa shiga, harsasan a wani wuri dabam, nesa da murhu. Kada ka ɗaura ta a babur ka bi hanya da ita. Ka sami mai gari a keɓe, ku je wurin hakimi, shi ya sanar da DPO su zo su ɗauka a gaban shaidu, a ba ka takarda. Za a yi maka tambayoyi, don haka ka nemo takardun sojan Baba, in da hali ka tafi da lauya.

In tsaron garinku ne a ranka, gwamnatin Sakkwato ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2024, da horo da kaki da sanin hukuma. Ka tambayi hakimi yadda ake shiga tun a zaman da za ku yi.

Kawu