Idan Wanda Ake Zargi da Cin Kuɗin Jama'a Ya Tsallake Iyaka

Duk sa'ad da rediyo ya ce wani babba ya gudu ƙasar waje da kuɗin gwamnati, abin da ake ji a bakin kasuwa shi ne, "To, me ya hana a je a kamo shi?" Tambayar tana da amsa, kuma ya kamata mutanen Karfi da ƙauyukan Malumfashi da Funtuwa su san ta, domin da irin waɗannan kuɗi ne ake sayo taki, a gyara hanya, a biya tsofaffin malamai fanshonsu.

Ku sani, ikon ɗan sandan Nijeriya a bakin iyaka ya tsaya. Da ya wuce Jibiya ya nufi Maraɗi, shi ma baƙo ne. Manomi ya san irin wannan: in wani ya karɓi kuɗin masararka ya koma ƙasar wani hakimi, ba gora za ka ɗauka ka bi shi ba, dagacinka za ka gaya wa, a aika. Haka ƙasashe ke yi. Nijeriya tana da dokar miƙa waɗanda ake tuhuma tun 1966, ƙasashen ECOWAS kuma sun ƙulla yarjejeniya a kan haka a Abuja cikin 1994. Ƙasar da ke nema za ta rubuta takarda, ta haɗa da hujjoji. Alƙalin ƙasar da mutumin ya fake ne zai duba, ya ga ko abin laifi ne a dokarsu su ma, ya kuma tabbatar ba bi-ta-da-ƙullin siyasa ba ne. A nan gida, Antoni Janar da Babbar Kotun Tarayya ke riƙe da wannan aiki.

Hanyar tana da tsawo, shi ya sa aka taɓa gwada ratse. Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, shi ya shugabanci kwamitin shigo da shinkafa. Da sojoji suka karɓi mulki ran 31 ga Disamba, 1983, sai ya tsere Landan, gwamnatin Janar Buhari tana zarginsa da wawure dukiya, shi kuwa yana musantawa. Ran 5 ga Yuli, 1984, wasu mutane suka sure shi a ƙofar gidansa, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako, da wani likita ɗan Isra'ila a gefensa yana kula da numfashinsa. Aka kai akwatin filin jirgin sama na Stansted, inda jirgin Nijeriya ke jira. Sakatariyarsa ta ga lokacin da aka ɗauke shi, ta kira 'yan sanda. Akwatin kuwa ba shi da alamar da ke hana buɗe kayan jakadanci, saboda haka ma'aikatan kwastan suka buɗe, ga minista kwance bai san inda kansa yake ba. Aka ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila, ɗaya ɗan Nijeriya. Gwamnati ta ce ba ruwanta, amma dangantaka da Ingila ta yi tsami har shekara biyu, da aka nemi a miƙa shi ta hanyar doka kuma, Turawa suka ƙi. Garin gaggawa aka rasa damar da talaka zai ji gaskiyar zargin daga bakin alƙali.

Ku gwada wannan da shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho. An ba shi beli, ya daina zuwa kotu, har aka tsare Sanata Ali Ndume a gidan yarin Kuje saboda shi ya tsaya masa. Aka kama Maina a Yamai, aka kawo shi Abuja a farkon Disamba, 2020. Cikin Nuwamba, 2021, Mai Shari'a Okon Abang ya yanke masa ɗaurin shekara 8 kan halatta kuɗin haram da suka kai kimanin naira biliyan 2. Zumunci da maƙwabta ya yi aikin da akwati ya kasa.

To, ina ruwan mutumin Karfi? Tsarin mulkin 1999 ya bar batun miƙa waɗanda ake tuhuma a hannun Majalisar Tarayya kaɗai, sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai majalisa ta zartar da ita. Dokar taimakekeniya tsakanin ƙasashe wajen binciken laifi ta 2019, da dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta haram ta 2022, duk ta nan suka bi. Ɗan majalisar Malumfashi da Kafur da sanatan shiyyar Funtuwa suna da ƙuri'a a kan irin waɗannan dokoki.

Sai dai akasarin ƙuri'un da baki ake yin su: a ce "e", a ce "a'a", shugaba ya buga guduma. Wanda ya yi shiru da wanda ma bai zo zaman ba, ba mai iya rarrabe su daga baya. Cikin Maris, 2022, da ake gyaran tsarin mulki, an yi ƙuri'a da na'ura, kowa ya danna tasa. A ganinmu wannan shi ne zamanantar da majalisa da zai amfani talaka, ya fi sabon gini da sababbin kujeru. In wakilinku ya zo gida da salla ko lokacin neman ƙuri'a, a gaishe shi da ladabi, a ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka yi dokar ƙwato dukiya kana zauren? Wane ɓangare ka bi?" A kuma roƙe shi ya goyi bayan a riƙa buga sunan kowane ɗan majalisa tare da ƙuri'arsa, a karanta a rediyo da Hausa.