Yadda Ake Koya wa Yaro Dunƙule Hannu da Naɗa Zare a Dambe

Dambe wasa ne da ake yin dukansa da hannu ɗaya. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba a buɗe, yana kariya da auna tazara. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Asalinsa wasan mahauta ne da kaka, in amfani ya zo gida an huta. A Kura da Bunkure kuwa hutun ba ya nisa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya biyo magudanai, ana gama yankan shinkafa sai dashen tumatir da albasa da shukar alkama. Yaron da ya karye a hannu ya bar gidansu da giɓi a gona, don haka kula da hannun mai koyo ba abin wasa ba ne.

Da farko sai a gane hannun yaro. A jefa masa wani abu a ga wanda zai cafe da shi, ko a lura da wanda yake riƙe lauje. In bahago ne a bar shi da hagunsa. Bahagwai ma wuyar karawa gare su.

Sai dunƙulewa, kuma a nan ya kamata maigidan yaro ya daɗe. Ana lanƙwasa yatsu huɗu su kwanta cikin tafi, babban yatsa ya hau kan manuniya da na tsakiya daga waje. Yara da yawa kan cusa shi ciki, duka ɗaya kuwa ya isa ya goce. Bayan hannu ya miƙe sambal da sangalin hannu, kada wuyan hannu ya karkata. Gaɓoɓi biyu na farko, na manuniya da na tsakiya, su ne ke sauka a kan abin duka. In naushi ya sauka ta gefen ƙaramin yatsa, ƙashin da ke bayansa ne ke karyewa, kuma ita ce karayar da aka fi sani ga masu naushi. Ban da wannan, ƙarshen ƙashin wuyan hannun yaro guringuntsi ne, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 16 zuwa 18, raunin da ya same shi yana iya tauye girman ƙashin.

Kayan taimako duk a gida suke. Ana nannaɗe ɗan tsumma mai laushi kamar kaurin ƙotar lauje a sa wa yaro cikin tafi ya damƙe. Wajen zaɓensa girman hannun ake dubawa: in kan yatsu bai taɓa tafi ba, ya yi kauri, a rage. Don ƙarfin damƙa, curin laka ya wadatar, a matsa a saki har hannu ya fara gajiya. Abin duka kuwa buhu ne a cika da ɓuntun shinkafa, wanda Kura ba ta rasa shi saboda injinan casa, a rataye daidai ƙirjin yaron. Buhun yashi na manya ne, balle dukan bango ko gindin bishiya da wasu ke zuga yara su yi wai don hannu ya yi kanta. Wannan cuta ce kawai. Tsumman nan ma na ɗan lokaci ne: da zarar yatsu sun san wurinsu sai a riƙa cire shi, yau da shi gobe babu, har hannu ya dunƙule daidai ba tare da komai a ciki ba.

Sai an kai nan ake batun zare. Wani ne ke naɗa wa yaro, ba shi da kansa ba. Ya dunƙule hannu, a rufe shi da ƙyallen auduga mai tsabta tun daga gaɓoɓi har bayan wuyan hannu, a ninka shi sosai a kan gaɓoɓin. Zaren ya zama na auduga. Igiyar leda tana santsi da gumi, tana kuma yankar fata. A fara daga wuyan hannu, a zagaya shi har ya daina lanƙwasa, sannan a hau kan dunƙulen, kowane zagaye ya kwanta jikin na baya ba tare da hawa kansa ba. A komo wuyan hannu a ƙulle, ƙullin ya faɗa ta ciki inda ba ya taɓa abokin karawa. Ba a sa komai mai tauri ko kaifi a ciki. Naɗin mai koyo kariya ce, ba makami ba.

Da yake yatsu a rufe suke, ba a ganin halin da suke ciki, sai dai a tambaya. Yaro kuwa kunyar a ce masa rago kan sa ya yi shiru, musamman in kalangu na tashi, don haka a maimaita tambayar, a kuma duba fuskarsa. In ya ji hannu ya mutu, ko yana sukarsa kamar allura, a kwance nan take a sake naɗi da sassauci.

Ana gamawa a warware, ya buɗe yatsu ya motsa su, a wanke ƙyallen a shanya. Kumburin da ya kwana, ko gaɓar da ta lotsa ciki, ko zafi in an danna wuyan hannu, na asibiti ne a ɗauki hoto, kuma yaro ba ya komawa kan buhu sai ya warke sarai.