Zumunci a Tatsuniyoyin Mutanen Telugu

Da yawa daga cikin finafinan Indiya da muke kallo da fassarar Hausa ba na harshen Hindi ba ne, na Telugu ne. Masu wannan harshe sun haura miliyan 80, kuma mafi yawansu suna jihohin Andhra Pradesh da Telangana a kudancin Indiya.

Mu fara da kalmomi. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga ɗan'uwa namiji, babba ne ko ƙarami. Telugu kuwa kamar Hausa yake: "anna" shi ne wa, "tammudu" ƙane, "akka" ya, "chelli" ƙanwa. Yaro ba ya kiran yayansa da sunansa kai tsaye, sai ya ce "anna". Kawu, wato ɗan'uwan mahaifiya, yana da babban matsayi a wurinsu, kuma auren ɗan kawu da 'yar gwaggo tsohuwar al'ada ce a can.

Duk wannan ya fito a tatsuniyar Bala Nagamma. Yadda aka fi ba da ita, wani sarki ne yake da 'ya'ya mata bakwai, Bala Nagamma ce auta. Mahaifiyarsu ta rasu, matar uba ta sa su a gaba har aka jefar da su a daji. Wanda ya san labarin 'yar bora ba zai yi mamaki ba. Daga baya 'ya'yan kawunsu maza bakwai suka nemo su, suka aure su.

Bayan auta ta haifi ɗa namiji, wani matsafi ya mayar da ita karya ya sace ta. Mijinta ya bi sawu da dakarunsa, matsafin ya mayar da su duwatsu. Jaririn fa? Yayyen mahaifiyarsa ne suka rene shi kamar su suka haife shi. A ganina nan ne labarin ya fi nauyi, ko da yake masu saurare sun fi ɗokin wajen tsafin. Da ba su riƙe yaron ba, da babu wanda zai girma ya je ceto. Da ya yi wayo ya ji gaskiya, sai ya kama hanya, ya gano cewa ran matsafin yana cikin wani aku da aka ɓoye a nesa. Ya kamo akun, ya tilasta wa matsafin ya kwance tsafinsa, sannan ya halaka shi.

Ana ba da wannan labari a wasan da suke kira Burrakatha. Mutum uku ne: na tsakiya yana waƙa yana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya, biyu a gefensa da ƙananan ganguna, ɗaya yana barkwanci, ɗaya yana sharhi kan zaman duniya. An mayar da tatsuniyar fim a 1942.

Duk wanda kakarsa ta taɓa ba shi tatsuniyar da 'yan'uwan uwa suka reni maraya, ya rubuto ya miƙa wa editan wannan allo kafin fitowa ta gaba.