Jirgin ciyawa bisa teku

Mutanen Buduma suna zaune cikin tsibiran tabkin Cadi. Masunta ne, makiyaya ne kuma. Tun kaka da kakanni suna yin jirgi da wata doguwar ciyawar ruwa da ake ce ma papirus. Su yanke ta, su shanya, su ɗaure dami-dami da igiya. Ba katako, ba ƙusa. Jirgin yana ɗaukar mutane da kayansu.

Wani bature mutumin ƙasar Norwe, mai suna Tor Hayardal, ya ji labarin wannan jirgi. Shi dai mutum ne mai son tafiya bisa ruwa. A shekarar 1947 ya ɗaure gumagumai, ya hau tare da abokansa biyar, suka yi kwana 101 bisa teku. Daga baya ya ga zanen jiragen ciyawa a bangon kaburburan mutanen Masar na da. Sai tambaya ta tsaya masa a rai: irin wannan jirgi yana iya ƙetare teku? Masana da yawa suka ce a'a, ciyawa za ta sha ruwa ta nutse cikin sati biyu.

Hayardal ya tafi garin Bol, a bakin tabki, cikin ƙasar Cadi. Ya samu Buduma biyu gwanayen ɗaurin jirgi, da wani kafinta mai suna Abdullahi Jibrin, wanda ya zama tafinta. Ya kai su Masar. Ciyawar kuwa daga tabkin Tana na ƙasar Habasha aka kawo ta. Suka ɗaure jirgi mai tsawon mita 15 bisa rairayi, kusa da dalar Fir'auna. Aka sa masa suna Ra, watau sunan da mutanen Masar na da suke kiran rana da shi.

To, a nan aka samu saɓani. Jirgin Buduma goshinsa ne kaɗai yake lanƙwashe sama, bayansa a yanke yake. Jirgin da ke cikin zanen Masar kuwa gaba da baya duka a lanƙwashe suke. Maɗauran suka ce ba su taɓa yin haka ba. Bature ya nace. Sai suka ƙara masa wutsiya daga baya, kamar ƙari ga riga. A cikin zanen akwai wata igiya da ta taso daga kan wutsiyar ta sauko cikin jirgi. Aka ɗauka ba ta da wani aiki, aka bar ta.

Ran 25 ga watan Mayu 1969 suka tashi daga Safi, a ƙasar Maroko. Su bakwai ne, kowa da ƙasarsa: Norwe, Amurka, Italiya, Rasha, Mekziko, Masar da Cadi. Na Rasha likita ne. Abdullahi shi ne mai kula da ciyawa da igiya. Bai taɓa hawa teku ba kafin wannan tafiya. Sun ɗauki ruwan sha cikin tuluna, da dabino, da busasshen abinci. Har da biri guda da agwagwa.

Jirgin ba shi da inji. Iska ce take tura shi. An kafa dogon itace a tsakiya, an rataya masa babban zane mai kauri. In iska ta buso daga baya, sai ta cika zanen, jirgi ya yi gaba. A wannan yanki na tekun Atlantika iska tana busowa daga gabas maso arewa ta nufi yamma kusan kullum, ruwan ma can yake gudu. Saboda haka wanda ya tashi daga Maroko da irin wannan jirgi ba ya iya juyowa. Gaba kawai.

Tun ranar farko itatuwan da ake juya jirgi da su suka karye. Aka gyara, suka sake karyewa. Amma babbar wahala daga baya ta fito. Teku ba tabki ba ne. Raƙuman ruwa suna ɗaga goshin jirgi su sauke, su ɗaga bayansa su sauke, dare da rana. Ashe igiyar nan da aka raina ita ce mai riƙe bayan jirgi. Da babu ita, wutsiya ta fara sunkuyawa. Ruwa ya riƙa hawa, ciyawa ta yi nauyi. Igiyoyi suka shiga tsinkewa, dami yana rabuwa da dami. Abdullahi da abokansa suka yi ta ɗinki da ɗauri, wani lokaci a cikin ruwa. Daga ƙarshe manyan kifaye masu cin mutum suka kewaye jirgin. Hayardal ya hana kowa shiga ruwa. Cikin watan Yuli, bayan kusan wata biyu da tafiyar kilomita wajen 5000, wani jirgi ya zo ya kwashe su. Ba wanda ya mutu. Ciyawar da aka ce sati biyu za ta yi, ta yi sati bakwai da ɗoriya ba ta nutse ba. Laifin ba na ciyawa ba ne, ba kuma na maɗaura ba.

Da shekara ta kewayo ya sake gwadawa. Wannan karo ya ɗauko maɗaura daga tabkin Titikaka na ƙasar Bolibiya, waɗanda jiragensu da ma gaba da baya a lanƙwashe suke. Suka yi jirgi mai mita 12, aka ce masa Ra na biyu. Ba a manta da igiyar wutsiya ba. Mutum takwas suka tashi daga Safi ran 17 ga Mayu 1970. Ran 12 ga Yuli suka isa tsibirin Barbados, a gefen nahiyar Amurka. Kwana 57, kilomita wajen 6100. Daga Yamai zuwa Gigimi kusan kilomita 1500 ne. Watau sun yi wannan tafiya sau huɗu.

A hanya sun riƙa ganin curin baƙin mai yana yawo bisa ruwa, nesa da kowace ƙasa. Jiragen dakon mai ne suke zubar da shi. Suka rubuta abin da suka gani, suka kai ma Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tafiyar ta nuna jirgin ciyawa yana iya ƙetare teku. Ba ta nuna mutanen Masar na da sun ƙetare ba, kuma masana tarihi ba su yarda sun yi ba. Hayardal ya rasu a shekarar 2002. Ra na biyu yana ajiye a gidan tarihi a birnin Oslo.

Ga lissafi ga ƴan ajin yaƙi da jahilci: jirgi ya yi kilomita 6100 cikin kwana 57. Kilomita nawa yake yi kowace rana?