Jan Haske A Cikin Koren Ganye

Duk wanda ya yi gwajin sitaci a darasin Bayoloji ya san yadda muke jiƙa ganye cikin sifirit mai ɗumi har ya koma fari. Hankalinmu yana kan ganyen, koren ruwan da ya rage kuwa sai mu tuttular a kwata. Alhali akwai darasi guda cur a cikin ruwan nan.

Muna iya haɗa shi a gida. Mu samo ɗanyen alayyafo irin na lambunan Kwalkwalawa, ko zogale, ko ganyen dogon yaro da ke cike da titunan Sakkwato. Mu kirɓa shi, mu juye a gwangwani, mu zuba sifirit ya sha kansa. Bayan kamar minti 20 sai mu tace da ƙyalle mai tsabta cikin farar kwalba. Ruwa ba zai yi ba, domin kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, ba ya narkewa a ruwa. A kula: sifirit guba ne, yana kuma kama wuta. Kada a zuba shi a turmin girki, kada a je da shi kusa da murhu.

In muka ɗaga kwalbar ta wajen da haske ke fitowa, kore ce shar. Amma mu shiga ɗaki mai duhu, mu haska ta da tocila mai ƙarfi, mu duba ta gefe. Inda hasken ya ratsa zai yi ja kamar zoɓo.

Daga ina jan ya fito? Kulorofil yana shanye shuɗi da ja daga cikin launukan haske, ya bar kore ya wuce. A cikin ganye mai rai, ƙarfin da ya shanye nan take yake miƙa shi gaba, a haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon. Abin da ke kuɓucewa a matsayin jan haske bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, ido ba ya ganinsa. A kwalba kuwa sifirit ya raba kulorofil da abokan aikinsa. Ya karɓi kaya, babu wanda zai miƙa wa. Sai wani sashe ya zama zafi, wani ya fito ja.

David Brewster na Sikotilan ya wallafa bayanin wannan a 1834, George Stokes kuma ya raɗa masa suna fulorasans a 1852. A 1931 Kautsky da Hirsch a Jamus suka nuna cewa jan hasken ganye mai rai yana hawa da sauka gwargwadon yadda aikin haɗa abinci ke tafiya. Nan ne abin ya shafi manomi. Shukar da ƙishirwa ta kama, haskenta yakan canja tun kafin ganyenta ya yanƙwane. A 2011 masana suka fitar da taswirar wannan haske ta duniya baki ɗaya daga awon tauraron ɗan'adam na Japan mai suna GOSAT.

Mu ajiye kwalbar a duhu. In ta yini a ranar Sakkwato, koren zai dushe, jan ma ya tafi.