Tsofaffin Littattafan Gida Amana Ne a Hannunmu

Darasinmu na wannan fitowa a kan tsofaffin littattafai ne, waɗanda ke ajiye cikin gafaka ko adaka a gidajenmu.

Tambuwal gari ne na ilimi tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Shi ya sa daga Tambuwal har Kebbe, da wuya gidan malamai ya rasa littafin da kakanni suka kwafa da hannu. Idan maigida ya rasu, mu mata ke gyara ɗakinsa. To, a nan asara ke aukuwa: a ga takarda ta tsufa, a ƙone ta da niyyar girmamawa, ko a sayar wa mai neman tsofaffin littattafai a banza.

Mu dubi Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa sun iso gare mu ne don zuriyarta ta adana su, har zuwa kan Waziri Junaidu. A 1997 aka tattara su aka buga. Da an yi sakaci, ai da sai labari.

Ga abin da ya kamace mu:

1. Littafin mamaci dukiyar gado ce. Ba ki da ikon sayarwa ko kyautarwa sai da yardar magada, balle in akwai marayu.

2. Ki ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango, saboda gara da danshin damina. Kada ki ƙulle shi cikin leda. Tsumma mai tsabta ya fi.

3. Kada ki manna yagaggen shafi da gam, kuma kada ki hargitsa takardun. Kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon na gaba, da ita ake jera su.

4. Ki ɗaga takarda ga haske. In kin ga jinjirin wata uku, tsohuwar takardar Italiya ce, sai a ƙara kula.

5. Abin da ba ki gane ba, ki nuna wa malami, ko maigida ya tuntuɓi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya jiƙan magabatanmu, amin.